Bokitin Saura

Ni ce Dudu mai murhu, a makarantar Yelwa ta Garwa.
Shekara goma sha ɗaya ina juya tukunya,
hayaƙi ya cinye mini gashin gira.
Ban san baƙi ba, amma ina karanta kwanon yara.

Ran Talata mota ta sauke kwalaye,
ƙanana, kowanne da tsinken zuƙa a gefe:
wani ja-ja, kamar lallen da bai kama ba,
wani ruwan ƙasa, wai shi cakulan,
wani da hoton ayaba tana dariya.
Na sansana ɗaya, na ce da Asta mai taya ni,
wannan turare ne ko madara?

Kafin azahar babu ko guda.
Har Bappa, da sai an bi shi da ludayi,
ya tsaga kwalin yana lasar ciki,
ya dawo yana cewa a ƙara.

Sai aka kira taro a gindin darbejiya.
Madam Hapsatu ta asibiti ta zo da gwangwanin sukari,
ta auna a faranti kowa na gani:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
"Ga abin da ke kwance a kwali guda,
ku ninka shi da kwanakin shekara.
Haƙoran da nake cirewa yanzu ba na tsofaffi ba ne,
na 'yan bakwai ne da 'yan tara."

Malam Hamajoda na aji uku ya karkaɗe alli daga hannu:
"Madam, fara muka ba su, ba zaƙi ba ƙamshi,
suka tuttule ta nan inda kika ajiye kujera.
Tururuwa ta yi ƙiba, yara na hamma a aji.
Ko kin manta bara?"

Wani uba mai babur ɗin haya, bai ko kashe injin ba,
ya ce, "Nawa da ruwan zafi yake fitowa.
Ku da kuka karya, ku yi ta gardama,
da babu dai gara."

Ba wanda ya tambaye ni.
Ni kuwa ina da bokiti a bayan madafa
inda ake juye saura,
shi ne littafina, ba ya ƙarya.
Na san dare uku da jikana Sali ya kwana riƙe da kunci,
ina cusa masa kanumfari a kogon haƙori.
Na kuma san Ladifa ba ta shan nata,
cikin jaka take ɓoye shi, ƙarƙashin allo,
ta kai wa ƙaninta da ya shekara biyu bai taka ba,
ƙafafunsa kamar kara.

To wanne zan zaga?
Da wane baki?

Ran Juma'a na yi sammako bakin gadar Binuwai,
na sayi kindirmo ƙwarya biyu da kuɗin gorona,
na daka dabino, na zuba garin gero,
na dama har kafaɗa ta yi ƙara.
Wasu suka shanye, suka lashe gefen kofi.
Wasu suka leƙa ciki, suka dube ni,
"Inna, ina tsinken?"
Ashe rabin rigimar manya
a kan ɗan tsinke ta fara.

Taro ya watse ba matsaya.
Darakta ya ce za a rubuta takarda,
an ba Malam Hamajoda ya tsara.
Kwalaye na nan tafe ran Talata,
Madam ta bar farantinta, ƙuda sun samu.

Na ɗaga bokitina, yau bai kai rabi ba.
Dabinon ya yi kaɗan, ko geron ne ya yi yawa?
Asta ta ce a samo karan alkama a yanka musu.
Bari dai in wanke, rana ta yi.
Juma'a mai zuwa na gyara.