Hawa na Talatin da Takwas

An kira ni gyaran esi a Lalbaug.
Mai gadi ya juya katina, ya sake juyawa,
ya ce masu aiki ta ƙofar baya.
Ban gaya masa nan aka yanke mini cibiya ba.
Na saɓa jakar sifana, na zagaya.

Ƙofar bayan, in lissafi bai ƙwace mini ba,
a kan famfonmu take zaune.
Famfo ɗaya, ɗaki sittin.
Ruwa ya zo da asuba, ya ɗauke kafin hantsi.
Inna kan aje tulun tagulla tun dare ya riƙe mata layi,
Shalan ta ɗaki na tara ta ture shi da ƙafa,
a kwashi rabin sa'a ana tone-tonen kakanni,
da azahar ka iske su tabarma ɗaya suna tsintar shinkafa.

Ba mu da agogo, jiniyar masaƙa ta ishe mu.
In ta yi kuka, matakala ta cika da takalma,
Baba ya fita da kwanonsa mai hawa uku,
ya dawo da auduga a gira, auduga a gashin baki,
furfurar aro, tun bai cika arba'in ba.
Ni ke tsince masa, ina tarawa a gwangwanin madara,
wai zan yi matashin kai.
Tarin da ke tashinsa tsakar dare
shi ne ban iya tsincewa ba.

Mu tara a ɗaki guda.
Maza a baranda, kai da ƙafa,
in damina ta kankama mu koma ciki mu matse.
Ni da Dattu muna buga kurket da katakon wanki.
Wanda ya fasa tagar Bhiku tela ya fita,
kuma shi zai je roƙon ƙwallo,
ya dawo da kunne ja.

Ina aji huɗu aka shiga yajin aiki.
Jiniya ta yi shiru, muka dinga makara makaranta.
Awarwaron Inna ya tafi, ɗaya bayan ɗaya,
tulun ya bi sahu.
Baba ya koma tallar ayaba a bakin tasha,
in ya hango abokin aiki, sai ya duƙa yana gyara takalmi.
Daga baya masu takardu suka zo da awo.
Yau Dattu na Virar, ni ina gaba da shi,
awa biyu a tsaye cikin jirgin ƙasa
kafin in taka unguwar da ta haife ni.

Lif ta haɗiye ni, kunnuwana suka toshe.
Matar gidan mai kirki ce, ta ba ni ruwa a kofin takarda.
Ta ce, an ce da can masana'anta ce a nan,
dubi bututun hayaƙin da suka bari,
da dare in an kunna masa fitilu, gwanin kyau.
Na leƙa.
Bututun da muke karya wuya kafin mu ga kansa
ga shi can ƙasa, kamar guntun sigari
da wani ya taka ya wuce.
Na nemi barandarmu, na tarar da wurin ninkaya,
mutum ɗaya a ciki, yana kwance a bayan ruwa.

Esin lafiyarsa lau, matata ce ta toshe.
Na zare ta, na kakkaɓe,
ƙura mai laushi ta tashi, fara-fara.
Na karɓi kuɗina, na sa hannu.

A madubin lif, wajen hawa na ashirin,
na ga mutum da auduga a gira,
kafaɗa ɗaya ta karkace don nauyin jaka.
Na ɗaga hannu zan tsince masa,
sai na bari
har muka sauka.