Jan Ɗigo a Gwiwar Majemi

Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye a majema,
ruwan toka har ƙwauri, bagaruwa har damtse.
Fatar akuya nawa na tausasa a Damagaram?
Ni ban ƙirga ba. Wadda ta riƙe lissafi
ita ce gwiwa.

Da asuba takan yi kuka kamar ƙyauren langa-langa.
In na miƙe, Zuwaira ta ce daga cikin ɗaki,
"Na ji ka tashi."
Ban yi tari ba, ban yi sallama ba,
ƙashi ne ke gurzar ɗan'uwa.

Ɗan Jimma wanzami ya kafa mini ƙaho sau bakwai.
Wani mutum a Kasuwar Dole ya sayar mini da man jimina
a tsohuwar kwalbar turare.
Na sha saiwa, na sha sassaƙe,
na kwanta aka yi mini lalas da jan ƙarfe
har na ji ƙaurin namana kamar babbakar layya.
Ga tabon nan, uku reras.
Ciwon bai ko ɗaure kaya ba,
gyara zama ya yi, ya ja tabarma cikin inuwa.

Ba hawan duwatsun Birni ne ya fi ci mini rai ba.
Farar kujerar roba ce a ƙarshen sahu.
Shekara uku goshina bai gaisa da ƙasa ba.
Jama'a na sujada, ni ina sunkuya wa iska,
yara na leƙowa.

Laminu ya aiko kuɗi daga Agadas,
ya ce a kai ni wurin masu haske.
Na hau kabu-kabu, ƙafa a miƙe kamar azara.

Ɗaki ƙarami, fanka na juyi.
Yarinyar sa'ar jikata ce, Balkisa.
Ta sa mini baƙin tabarau, ta sa nata,
muka zama kamar masu walda biyu.
Ta ɗauko wani alƙalami mai igiya,
ta ce, "Leza ke nan, Baba."
Na damƙe ƙarfen gado, na ciji bakin riga,
ina jiran irin wutar da na sani.
Sai ga jan ɗigo ya sauka,
bai fi ƙwayar dawa.

Shiru.
Na ce, "'Yar nan, kin kunna kuwa?"

Maganin da bai ƙona ba, bai yanka ba, babu ɗaci,
jika biyar a kan me?
Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba.
Guringuntsin da ya cinye ya tafi.
Kumburin muke lallashi. Wani ya ji sauƙi, wani a'a.
Ka zo sau goma, ka yi motsin da na nuna maka,
ka bar wa yara ɗaukar ruwa."

Ran zuwa na huɗu wuta ta ɗauke.
Muka jeru a benci, ni da wata mai sayar da ƙuli-ƙuli
da wani tsohon soja mai sanda,
kowa na dafe da tasa, muna jiran haske
kamar manoma na duban gabas. Sai la'asar ta dawo.

A hanya na tuna:
fata ma ba a jeme ta rana ɗaya.
Jiƙo ne, a juya, a bari ta kwana, a sake juyawa.

Daren zuwa na tara, bayan kowa ya yi barci,
na tura kujera gefe da ƙafa.
Na dafa bango. Dama ta lanƙwasa tana gunaguni,
hagu ta yi gardama, ta bi.
Ƙasa na nan inda na bar ta, da sanyinta.
Na daɗe.

Tashi ne ya gagara, sai da na kira Zuwaira.
Ta zo da fitila tana faɗa,
ta kama ni ta hamata, muka miƙe tare da nishi.
Ta kai bakin zane za ta share mini yashin goshi,
na riƙe hannunta.
Na ce bar shi ya kwana.