Agogon Jirgi

Zauna, Nives, bar akwatin nan tukuna.
Sau goma sha tara na bar gaɓar Trieste
cikin wannan unguwa mai tafiya bisa ruwa,
ke kuwa gobe ce ranarki ta fari.
To, ara mini kunnenki.

Ɗakin tsakiya ake nema, can ƙasa-ƙasa.
Na sama ya fi tsada, ya kuma fi rawa;
ranar da teku ta tashi da fushi
masu kuɗi ke fara rungumar bokiti.
In cikinki ya soma juyawa
kada ki duƙufa kan waya.
Ɗan guntun citta a baki,
ki fita, ki kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama.
Wannan layin kaɗai ne ba ya motsi.

Magani, fasfo, rigar sanyi guda,
duk a jakar hannu, kin ji ko?
Babban akwati sai ya ga dama yake iso ɗaki,
wani sa'in har an ci abincin dare.
Rabin kayan nan ma mayar da su.
Takalma biyar! Ƙafa nawa gare ki?
Bangon ɗakin ƙarfe ne a ƙarƙashin fenti,
tafi da maganaɗisu masu ƙugiya,
kin sami marataya ta hula da jiƙaƙƙen tawul.

Wurin cin abinci kuwa, hattara.
Ranar farko ido ke yi wa ciki awo,
ana tula faranti kamar gobe za a rufe duniya.
Abincin ba ya gudu. Ɗebi kaɗan, ki komo.
Wanke hannu har ki gaji, ki sake wankewa:
mutum dubu uku, ƙarfen dafawa ɗaya.

Mai gyara miki gado, tambayi sunansa.
Nawa na bara Reynante ne, mutumin Iloilo,
wata bakwai bai ga 'yarsa ba sai ta waya,
amma kowace yamma sai ya naɗe tawul ya zama giwa,
ya zaunar mini da ita kan matashi.
Kada alherinki ya jira ranar sauka.

Saura babbar, ki riƙe ta da kyau.
In kin sauka yawo, jirgi bai san uzuri ba.
Agogonsa ne shari'a.
Dawo da saura awa guda, ko ana raba zinariya a kasuwa.

Kakanki Tullio, a Korfu,
an ce a tura agogo gaba da awa ɗaya,
ya ce nasa bai taɓa yi masa ƙarya ba.
Ya koma ciniki kan kwalbar man zaitun.
Ina tsaye a baranda aka janye gada,
aka kwance igiya, aka busa ƙaho,
sai ga shi a guje, hula a hannu, tumbi na gaba,
mutane na tafi, wasu na fito,
ruwa na ƙara faɗi tsakanina da shi.
Ya tsaya a bakin siminti yana haki,
ya ɗaga mini kwalbar sama
kamar wanda ya ci kofi.

Kwana biyu, kwale-kwale, bas, wata bas ɗin,
ya tarar da mu a Dubrovnik,
gemu ya tsiro, riga ta yi tsami,
kwalba ko ɗigo bai zube ba.
Na yi niyyar gaba da shi har gida,
ban kai la'asar ba.

Shekara huɗu ke nan da aka kai shi makwanci.
Har yau ɗaki mai gado biyu nake kamawa,
ana cajina kuɗin mutum biyu, ina biya.
A kowace tasha nakan tsaya a baranda
sai na ga an janye gada,
sai na ga babu mai gudu.

Ungo agogonsa. Na gyara shi, yana daidai.
Madaurin ya yi miki yawa, a ƙara huda.
Ki kuma cire jan takalmin nan,
benen jirgi da safe santsi gare shi.