Ɗan Ƙaramin Dangi a Kan Dutse

Ni mai kwalekwale ne, ban yi karatun tsirrai ba.
Eduvigis Cárcamo ce ta ɗauke ni haya,
kwana tara, daga Puerto Williams zuwa tsibiran kudu,
inda iska ke marin mutum ba ta tambayi laifinsa ba.

Na zaci zinariya take nema.
Sai ta durƙusa gaban wani dutse,
ta kafa gilashi a ido
tana kallon wani tabo fari-fari
kamar busasshen kashin tsuntsu.

Ta ce, zo ka gani, Baldomero.
Halitta biyu ce nan, ba ɗaya ba:
funfuna ta gina ɗaki,
gansakuka ta shiga tana girki da hasken rana.
Ba mai biyan haya, ba mai korar wani.
Sunan gidan kuwa na funfuna ne,
ko da yake ba ita ke ɗora tukunya ba.

Na leƙa. Ƙananan faifai baƙaƙe
ba su fi kan allura ba.
A cikinsu akwai jakunkuna, in ji ta,
kowace jaka iri takwas,
kowane iri da katanga guda a tsakiya.
Da katangar nan ake gane dangin.
Ta ɗiga wani ruwa daga kwalba,
farin ya koma ja kamar an yanke shi.
Ta ce, wannan na biyu ne cikin huɗu.

Su huɗu ne kaf zuriyar.
A da ke nan.
Daren na shida, cikin tanti,
ta fito da wasiƙar da ta taho da ita daga Santiago:
an binciki ƙwayoyin gadon na huɗun,
ashe ba ɗan gidan ba ne,
kama da wane ba wane ba ce.

Malaminta ne ya raɗa masa suna
shekara arba'in baya.
Rubutunsa na nan a bayan ambulan, tawadar ta koɗe.
Ta daɗe riƙe da fensir,
sannan ta ja layi ɗaya siriri,
yadda har yanzu za a iya karanta na ƙasa.

Da safe muka wuce dutsen na huɗun.
Yana nan yadda yake,
yana ƙara kaurin gashi guda a shekara,
ba wanda ya gaya masa an sauya masa dangi.
Ni dai na rage gudun inji
har ta gama kallo.