Rumbun Yis

Ƙarfe tara na dare, an ɗauke wuta a Kabuga,
janareta ya tashi da tari.
Ni kaɗai a ɗakin gwaji, ido ɗaya a madubin likita.
Yis ɗin nan daga kwanon Inna Tabawa na ɗebo shi,
na ƙullun funkason da take kaiwa Rimi da sassafe.

Na ɗiga masa shuni.
Ba na karofin Ƙofar Mata ba ne, amma halinsu ɗaya,
sai sun tona abin da fari ya ɓoye.
Sai ga ɗigo-ɗigo, ja-ja cikin shuɗi,
can ƙuryar kowace ƙwaya,
a wata 'yar jaka mai ruwan tsami.

Fosfet ne.
Ƙwayar ba ta barinsa barkatai kamar canji a aljihu.
Jera shi take, ɗaya na bin ɗaya,
yadda mai carbi ke yi a bakin Kurmi,
goma, hamsin, ɗari,
tana zurawa tana tura zaren cikin jakar.
Ƙarfen da zai cuce ta ma, carbin ne ke riƙe shi.
Ran da waje ya bushe,
akwai mai almakashi a ciki,
ya datsa, ya miƙo ɗai-ɗai.

Kwana biyu na hana su.
Jakunkuna suka yi wayam, shuni ya rasa makama.
Yau na zuba musu har ya isa.
Na zaci za su ci, su ƙoshi, shi ke nan.
Ina!
Sun tara ninkin na da,
jaka ta yi tumbi kamar ta fashe.

Na ɗago kai.
Inna ce ta faɗo mini a rai,
ita da ta ga shekarar da kwanon gero ya gagari mai albashi.
Har gobe akwai buhu biyu ƙarƙashin gadonta,
da gwangwanin madara cike da tsaba a bayan randa.
Mun sha yi mata dariya.
Sai ta ce, "Ba ku taɓa jiƙa ƙanzo don dole ba,"
ta ci gaba da buga ƙullu.

Na rubuta lambobin a littafi,
na wanke gilashi, na kashe fitila.
Kwanonta na cikin jakata.
Da asuba zan bi ta Mandawari in mayar,
kafin ta ƙirga ta ga babu ɗaya.