Awon Dantse a Mai Wurno

Ranar Talata, gindin dogonyaron asibiti,
kafin rana ta fara cizo,
nakan rataya sikeli a reshe,
in zaro ɗan tsirin nan mai launi uku:
ja, ruwan ɗorawa, kore.
Shi ne alƙalin garinmu yanzu.
Ba ya cin hanci, ba ya jin magiya.

Batula ta hauro daga bakin Nilu,
ƙafa da laka, goyo shiru.
Shirun nan na fi tsoro.
Mai tsala ihu yana da sauran ƙarfi;
Mudassir kallona kawai yake
da idanun tsoho ɗan tamanin,
gashinsa ja kamar gemun masara.
Na zagaya tsirin a dantsensa,
dantsen da bai fi karan dawa ba.
Ja.

Kakarsa, Hajja Sakina, ta gyara lulluɓi.
"Kambun baka ne. An yi rubutu, an yi hayaƙi."
Na ce, Hajja, kada a daina addu'a,
amma a haɗa da wannan.
Ta yage bakin ƙunshin, ta lasa,
ta yi dariya har gibinta ya fito:
"Ashe gyaɗa ce!
Wadda muke lodawa a mota zuwa bakin teku,
ta yi yawon duniya, ta sa rigar leda,
ta dawo tana ce mana ita magani ce."

Talata ta zagayo. Ja.
Wata Talatar, ja.
Na ja Batula gefe, ban ɗaga murya ba.
Ta daɗe tana murza gefen mayafi
kafin ta ce, "Yana da yayye biyu.
Ta yaya zan ba ɗaya,
biyu suna bin hannuna da ido?"
Na duba littafin da aka horar da mu da shi.
Akwai shafin gudawa, akwai shafin kumburi.
Wannan tambayar ba ta da shafi.

Sai motar ta daina zuwa.
Aka ce bindiga ta zauna a hanyar Sinnar.
Kwalin ƙarshe na juya shi,
ko kiyashi bai samu na lasa ba.

Hajja ce ta mirgino turmi tsakar fili.
"Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan,
da jarirai a baya,
ba kwali ne ya raka su ba."
Wannan ta kawo gwangwanin gyaɗa,
waccan tafin riɗi,
matar masunci ta kawo busasshen kifi,
aka shanya zogale a inuwa, aka tankaɗe dawa.
Ni na tsaya kan awo da wanke hannu,
ina faɗa kamar uwar biki.
Taɓare goma sha ɗaya suka tashi,
har ladan ya leƙo ta katanga.
Kunun farko na ba Batula kanta,
don rijiya sai ta sha daga ƙasa
kafin guga ya samu.

Ba zan yi ƙarya ba:
kunu bai kai ƙunshin ƙarfi ba,
kuma bai riski kowa ba.
A shafi na huɗu akwai sunan Ihlas,
na ja masa layi da hannuna,
biro yana rawa.

Amma yau,
da na zagaya tsirin a dantsen Mudassir,
ya fizge, ya kai baki,
ya gasa mini cizo da haƙora biyu,
sannan ya ɓarke da ihu
har tsuntsayen dogonyaro suka watse.
Ruwan ɗorawa.
Ba kore ba tukuna.
Hajja ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa,
na ce ta adana, da saura.

Na tsotse yatsa, na rubuta lamba.
Layi ya kai har bakin famfo.
Ta gaba, kwanto shi.