Tsohuwar Unguwar Rimi

A bayan wani gida a Unguwar Rimi na same ta,
ƙarƙashin mangwaro, durƙushe a kan taya uku,
ta huɗun yara sun daɗe da garawa.
Kaza ta yi ƙwai a kujerarta,
zanzaro ya gina ɗaki a bakin salansa,
tsatsa ta ci jan fentin
har ka rantse haka aka haife ta.

Mai ita ya rasu shekara bakwai.
Ɗansa na duban agogo, ya ce, "Baba, taya."
Na taya. Ban rufe baki ba ya sallama.
Nan gabana ya faɗi.

Ragowar kuɗin sallamata ne na masaƙar Kakuri,
inda na yi shekara ashirin da biyu ina sauraron inji
har kunnena na hagu ya bi shi.

A-kori-kura ta sauke ta a ƙofarmu a Kudenda.
Kande ta leƙo da ludayi a hannu,
ta dube ta sama da ƙasa, ta dube ni:
"Wannan gawar fa, wa zai yi mata sutura?"

Na shimfiɗa buhun taki, na kwance ta gaɓa-gaɓa.
Notina a gwangwanin tumatir,
kabureta a tsohuwar tasa tana wanka da fetur.
Baƙin man cikinta ya yi kauri kamar kunun jiya.
A gidan iska, ɓera ya tara gyaɗar da ta fi mudu,
shi kaɗai ya ci ribar taraktar nan.

Sau biyar na je Panteka.
Jatau ya juya fistin a tafin hannunsa, ya yi dariya:
"An daina wannan ƙirar tun ina goye."
Duk da haka ya nutsa cikin tarin ƙarafa har gwiwa,
ya fito da ringi na wani injin ban ruwa,
ya goga, ya gwada, ya sake gogawa.
Gasket kuwa da kwalin sabulu muka yanka.

Ladidi, autata, ke riƙe mini tocila da dare.
Hannunta ne ya shiga lungun da nawa ya kasa,
ya zaro kusar da na yi kwana biyu ina zagi.

Ranar gwaji maƙwabta suka jeru a kan dakali.
Na ja igiya. Ta yi tari.
Na ja. Ta yi atishawa, ta tofa hayaƙi, ta yi shiru.
Na ja har kafaɗata ta ce a kai kasuwa.
Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da uzuri.

Sati uku haka.

Ina ɗaga kujerar don in sayar wa 'yan gwangwan
sai ga leda, a ciki takarda ta yi ja:
rubutun marigayin, ƙanana, a karkace.
Ranakun canjin mai, kuɗin filogi, sunan wani bakanike,
can ƙasa kuma layi ɗaya:
"Ba ta son gaggawa. A ja a hankali sau biyu, sannan a fizga."

A hankali.
A hankali.
Na fizga.

Kajin unguwa suka watse,
Kande ta saki ludayi.

Yanzu da asuba muna gangarawa fadamar bakin kogi,
ni da tsohuwar, kowa da irin ɗingishinsa.
Tana tsaga ƙasa, balbelu na bin mu,
kunya goma sha huɗu ta alayyahu da latas kafin rana ta take.
Ban yi mata fenti ba. Kuɗin ya ƙare a Panteka.

Jiya na canja mata mai.
Na ɗauko takardar, na lashi bakin fensir,
na sa kwanan wata ƙarƙashin nasa.
Akwai sauran fili a shafin.